Dajin Amurum a Tsakiyar Hunturu: Kwana Shida Tsakanin Dutse da Bakin Rafi

Dajin Amurum yana gefen ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da birnin Jos. Ba wani ƙasurgumin daji ba ne. Faɗinsa wajen hekta 300 ne, mai ƙafa zai ratsa shi tun kafin azahar. Amma yana bisa tudun Filato, kusan mita 1,300 sama da teku, kuma a wannan ɗan fili an rubuta tsuntsaye fiye da iri 300. Tun shekarar 2001 cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, take zaune a bakinsa, bisa haɗin gwiwar Jami'ar Jos da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya da mutanen Laminga masu dajin. Kafin masu bincike su zo, girmamawar da mutanen garin suke yi wa wurin ce ta tsare shi daga gatari, shi ya sa ya tsira a tudun da haƙar kuza da noma da saran itacen girki suka aske kusan ƙwal.

Na yi kwana shida a can a tsakiyar Janairu, ruwan sama ya kusa wata uku da ɗaukewa. Tambaya ɗaya na je da ita: a irin wannan lokaci, me yake juya tsuntsayen dutse, ɗari ne ko ƙishi? Da na bar gida na riga na yanke cewa ɗari ne, domin duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Janairu ba ya manta ruwan alwalar asuba. Abin da na gani ya sa na sake lale.

Yadda na tsara aikin

Amurum daji uku ne a cikin ɗaya. Akwai duwatsu, manyan curi-curi da falale da suka hau kan juna, ciyawa da ƙananan itatuwa sun fito ta tsaguninsu. Akwai fili mai sarƙaƙiya da ɗorawa da maje nan da can, wanda ya gangara har ya haɗu da gonakin acca da masara. Sai kurmi, siririn layin manyan itatuwa da ya bi kwazazzabon rafi, inda ganye yake kore ko da ko'ina ya bushe. Na zaɓi mazauni ɗaya a kowanne: falalen dutse mai kallon gabas, bakin gona, da wani kududdufi da ya rage a gindin kurmi. Kayan aikina madubin hangen nesa ne, da ɗan ma'aunin zafi, da littafi. Sharaɗin da na ɗora wa kaina shi ne kada in rubuta sunan tsuntsu ko ɗaya sai na fara rubuta halin sama: iska daga ina, da ƙarfi ko a hankali, rana ta taɓa wurin ko ba ta taɓa ba, kuma har ina ido yake kaiwa. Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, su na mayar ma'aunin hazo. In na gan su tangaran, sama a wanke take. In sun ɓace, buji ya sauko.

Ɗari, ba sanyi ba

Bahaushe ya raba sanyi da ɗari, kuma a Amurum ne na ƙara ganin hikimar rabon. Sanyi na damina ne, mai laima. Ɗari busasshe ne, shi yake tsaga leɓe, ya kawo faso da kaushi. Iskar da take kawo shi daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara babu ɗigon laima a jikinta. Tururin ruwa a sama kamar bargo yake ga ƙasa da dare, to a hunturu bargon babu shi, don haka ɗumin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere da zarar magariba ta yi. Tsayin wurin ya ƙara nasa: duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6. Shi ya sa daren Jos a Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 11, wani lokaci ƙasa da 10, alhali da azahar sai ya haura 25. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 ba kullum sai ya haye wannan tazara sau biyu.

Safiya uku na farko duk kamanninsu ɗaya. Nakan hau falalen tun gari bai gama wayewa ba, in tarar da shiru. Mai zuwa daji da damina ya saba da hayaniyar asuba, kowane tsuntsu yana kiran nasa. A nan banda kazar dutse da take kwarara kiranta daga can cikin tsaguni, sai kurciya jefi-jefi. Ciyawa a bushe ƙayau, ko alamar raɓa babu, wandona bai jiƙe ba ko sau ɗaya. Sai rana ta leƙo ta bugi fuskar dutsen, nan take wurin ya farka. Ƙananan tsuntsaye suka riƙa fitowa suna jeruwa a kan rassan da hasken ya fara taɓawa, kowanne ya hura gashinsa ya zama kamar curin auduga, ya ja wuya ya ɓoye ƙafa. Shan hantsi suke yi, ba su bambanta da dattawan da suke jeruwa a jikin katangar gabas ba. Iskar da gashin ya kulle ita take riƙe musu ɗumi. Sai sun ɗauki kamar rabin sa'a a haka sannan su sauka kiwo. Ɓangaren dutsen da inuwa ba ta sake shi ba kuwa, sai wajen ƙarfe tara yake samun baƙi.

Da a nan na tsaya, da na koma gida da amsar da na zo da ita. Ɗari yana tsara sa'ar farko ta yini, wannan babu ja. Abin da ya biyo bayan hantsi kuwa ba shi yake tsara shi ba.

Kududdufin gindin kurmi

Ruwan da ya rage bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya yi duhu saboda ruɓaɓɓen ganye, saiwoyin wani baure sun sauko sun kewaye shi. Na samu gindin itace mai nisan taku goma sha biyar na zauna, na daina motsi. A littafina, shafukan wannan wuri sun fi na sauran wurare biyun a haɗe.

Tun daga ƙarfe goma zirga-zirga take farawa, ba ta yankewa sai la'asar sakaliya. Kowane tsuntsu da irin zuwansa. Kurciya takan sauka nesa kaɗan, ta tako a ƙasa tana waige, ta tsoma baki ta zuƙa ba tare da ɗaga kai ba, ta tashi fir. Asisi da ba'u ba sa zuwa su kaɗai. Sukan taru a wata sarƙaƙiya da ke saman ruwan, su yi ta 'yan ƙananan kuka, ɗaya ya yi ƙundunbala ya sauka, sai sauran su zubo, kowa ya kurɓa sau uku ko huɗu, su watse tare. Wannan ɗari-ɗarin da dalili. A rana ta biyu wani ɗan shaho ya faɗo ta cikin rassa kamar an jefo shi, bai samu kowa ba, amma sai da wurin ya yi kusan minti ashirin babu mai sauka. Ya san inda kowa dole ya zo, su ma sun san ya sani, kuma ba su da wani ruwan.

A nan na fara ganin tsuntsun da ya fitar da sunan Amurum a duniya. Ɗan'uwan ba'u ne, sai dai na dutse. Namijin bayansa ja ne wur kamar jini, kansa ruwan toka, bakinsa shuɗi-shuɗi. Masana ba su san shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da Robert Payne na Jami'ar Mishigan ta Amurka ya bayyana shi ya sa masa suna Lagonosticta sanguinodorsalis, wato mai jan baya kamar jini. Bayan tudun Jos da duwatsun da ke kewaye, an same shi a duwatsun Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru. Gidansa dutse ne, a can yake sheƙa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, a can yake tsintar irin ciyawa. To me ya kawo shi gindin kurmi?

Abincinsa ne ya kawo shi. Busasshen iri kusan babu ruwa a cikinsa. Mai cin ƙwari ko 'ya'yan itace yana samun ruwansa a cikin lomarsa, mai cin tsaba kuwa tilas ya nemi inda zai sha. Da damina kowane ɗan rami a kan falale cike yake, ba'un dutse ba ya bukatar zuwa ko'ina. Da rani ramukan sun ƙafe. Masu bincike Miriam Brandt da Will Cresswell sun bi waɗannan tsuntsaye a Amurum, suka wallafa a 2008 cewa yankin da kowanne yake yawo a ciki yakan faɗaɗa da rani, saboda doguwar tafiyar da yake yi zuwa ruwa a kurmi. Abin da suka auna da na'ura shi nake kallo da idona: ma'aurata biyu-biyu suna gangarowa daga dutse, daga wannan sarƙaƙiya zuwa waccan, ba sa yarda su ratsa fili a buɗe.

Ran wani tsuntsun ma yana rataye da wannan tafiya. A tudun nan akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, dangin zalaidu, mai suna Vidua maryae. Ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar ba'un dutse, ɗan da ya fito kuma alamomin cikin bakinsa sun yi kama da na 'ya'yan masu gida, don haka ake ciyar da shi tare da su. In namiji ne, yakan tashi da waƙar uban goyonsa, kuma da ita yake neman aure, macen ma mai irin waƙar gidan da ta tashi take bi. Waƙar wannan ɗan riƙo na cikin abubuwan da suka ja hankalin Payne zuwa ga mai masaukinsa. A Janairu mazan sun fara zubar da baƙar rigar su koma ruwan ƙasa kamar matan, da wuya a tantance su. Amma lissafin a fili yake: in ruwan nan ya ƙafe ba'un dutse ya ragu, ɗan riƙon ba shi da gidan da zai koma.

Sama da kaina bauren yana ta nasa sha'anin. Baure ba ya jiran damina kafin ya yi 'ya'ya, kowace bishiya da lokacinta, saboda haka a tsakiyar rani akan samu wadda ta nuna. Cilakowa ta zo, korayen tattabarun daji sun zo suna rarrafe a reshe kamar aku, har da wani babban tsuntsu mai launin shuni da jan fiffike wanda ba a ganin jan sai ya buɗe zai tashi. Waɗannan ba su cika damuwa da kududdufin ba. A kan wata ɗorawa kuma kauci ya yi fure, 'yan sha-kauci masu lanƙwasasshen baki suna ta kora juna a kansa.

Ranar da buji ya sauko

Daren kwana na huɗu iska ta tashi, irin wadda ake kira jaura, ta kwana tana kaɗa kwanon rufi. Da safe duwatsun Shere babu su. Rana ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido. Gilashin madubina sai na goge shi bayan kowane ɗan lokaci, haƙorana suna ƙas-ƙas.

Wannan ƙura ba ta Filato ba ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, inda tsohon tafkin Chadi mai girma ya taɓa kwanciya dubban shekaru da suka wuce ya bar farar laka mai laushi kamar gari. Iska takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya iso arewacin Najeriya. Babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura. Ita ce hukumar hasashen yanayi ta NiMet take gargaɗi a kanta, ita take hana jirage sauka.

A kan falale shan hantsi ya lalace, domin hantsin ba shi da ƙarfi. Tsuntsayen ba su jeru a rassan sama ba, sun koma bayan duwatsu ta kudu maso yamma inda iska ba ta kaiwa, sun lafe ƙasa-ƙasa cikin sarƙaƙiya. Har azahar ban cire rigar sanyi ba. Shirwa da na saba gani tana shawagi tun ƙarfe goma ba ta hau sama ba sai can da rana, ita ma ƙasa-ƙasa. Manyan tsuntsaye masu shawagi iskar ɗumi mai tasowa daga ƙasa suke hawa, ranar da ƙura ta tare rana kuwa ƙasa ba ta yin zafin da za ta tayar da ita da wuri.

Na gangara kurmi ina zaton zan tarar da shi shiru, sai na tarar da akasin haka. Itatuwan sun karya ƙarfin iskar, a gindin kwazazzabon ganye kaɗai ke motsi. Masu zuwa ruwa sun makara da kamar sa'a guda, amma sun zo, har da waɗanda a sauran ranaku a fili nake ganinsu. Ranar da ta fi kowace ɗari a kwanakina shida, ba ta hana ba'un dutse gangarowa ba. A nan tambayata ta samu amsa. Ɗari yana jinkirta tsuntsu, ya sauya masa reshen da zai zauna. Inda zai je da nisan da zai yi da haɗarin da zai ɗauka, ƙishi ne yake yanke su.

Baƙin da suka zo daga Turai

Mazaunina na bakin gona ya nuna mini wani gefen lamarin. Shamuwa ba ta nan, ta bi ruwa zuwa gabashi da kudancin Afirka, sai damina ta ƙarato za ta dawo. A madadinta akwai baƙi. A kan wani busasshen karan masara, kullum a wuri ɗaya, nakan tarar da wata 'yar tsuntsuwa mai farar gira da ƙirji ruwan goro. Ta faɗa ƙasa ta cafke ƙwaro, ta dawo kan karanta. Saxicola rubetra ke nan a bakin masana. A Turai take ƙyanƙyasa, nauyinta bai kai giram 20 ba, ta haye tekun Bahar Rum da Sahara ta zo nan tun wajen Satumba da Oktoba. Hunturun da yake sa mu rawar ɗari, ita wurin hutu ne a gare ta, domin a ƙasar haihuwarta ƙanƙara ta rufe ƙwarin da za ta ci.

Emma Blackburn da Cresswell sun sa wa irin waɗannan tsuntsaye zobba masu launi a gonakin da ke kewaye da Amurum. Sun gano cewa wadda ta rayu ta dawo, kusan kullum ɗan filin da ta riƙe bara take komawa. Waɗanda aka goya wa 'yan na'urorin gano hanya kuma sun nuna cewa maƙwabta biyu a gona ɗaya a Jos suna iya watsuwa zuwa wurare masu nisan gaske da juna a gabashin Turai. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Tsuntsuwa ta yi tafiyar dubban kilomita ta dawo kan 'yan karare da sarƙaƙiyar da ta sani, manomin da ya bar su a tsaye bai ma san yana da baƙuwa ba. A watan Maris da Afrilu za ta ci ta tara kitse, ta sake fuskantar hamada.

Wuta

A yammacin kwana na biyar hayaƙi ya turnuƙe ta wajen gonaki, bayan iyakar dajin. Wani dattijo da na saba gaisawa da shi a hanya yana tsaye yana kallo, hannuwansa a baya.

Na ce, "Baba, sannu da ɗari. Wannan wutar fa?"

Ya ce, "Yauwa ɗana, sannu kadai. Ta masu neman gafiya ce, ko ta masu son sabuwar ciyawa. Da a kaka aka sa ta, da sauƙi, ciyawa da sauran ɗanye, sai ta lashe sama ta wuce. Ta yanzu kuwa ba ta da linzami."

Belbela da shirwa sun taru a bakin wutar suna cafke fara. Su kam kakarsu ta yanke saƙa. Amma na tsaya ina lissafin abin da wutar Janairu take ci: irin ciyawar da masu cin tsaba za su rayu a kai har Afrilu, karan da baƙuwar Turai take tsayawa, da sarƙaƙiyar da ba'un dutse yake fakewa a ciki a hanyarsa ta zuwa ruwa. In ta kai bakin kurmi takan ƙone ƙananan itatuwan gefe, shekara bayan shekara layin ya ƙara sirancewa, rana da iska su samu hanyar shiga, kududdufin da yake kaiwa Maris ya ƙafe tun Fabrairu. Saboda haka ake share hanyar tare wuta a kewayen wurare irin wannan tun farkon rani, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da hannun mutanen gari.

A ganina, duk mai son kare tsuntsayen tudun nan, ko na wani dutse mai kama da shi, daga bakin rafi ya kamata ya fara. Dutse yana tsare kansa, ba a noma shi, ba a sare shi. Kurmi kuwa shi ne mai itacen da ya isa katako, shi ne mai ƙasar da ta dace da lambun rani, shi ne kowa yake hari. A taswira siririn zare ne, amma wata huɗu zuwa biyar na shekara duk dajin a kansa yake rataye. Kwana shida na mutum ɗaya ba su kai a kira su ƙidaya ba, ƙidaya ita ce irin wadda ma'aikatan APLORI suke yi shekara da shekaru da raga da zobe, da wadda masu sa kai suke yi wa shirin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. Abin da littafina ya ƙara mini shi ne darajar layin farko na kowane shafi. Da ban rubuta iska da hazo da inuwa ba, da ranar buji ta zama ranar da "tsuntsaye suka yi ƙaranci" kawai, alhali suna nan, sun koma bayan dutse da gindin kurmi ne.

Safiyar kwana na shida iskar ta kwanta, duwatsun Shere suka fara fitowa dishi-dishi. Kafin in tafi na sake gangarawa kududdufin. A ranar farko na soka wani ɗan tsinke daidai bakin ruwan. Na same shi a tsaye cikin busasshiyar laka, ruwan ya ja baya da faɗin tafin hannuna, lakar duk sawun 'yan ƙafafu. Ruwan farko a Jos sai wajen Afrilu. Ina tsugune ina aunawa, sai ga ba'un dutse biyu a sarƙaƙiyar da ke sama, namijin a gaba, suna jira in ba su wuri.